Tuwon Ranar Laraba

Rasuwar Umair a rediyo aka ji ta. Ranar Juma'a ce da hantsi, Baraka na gidan mijinta a Ƙofar Sauri tana taka keken ɗinki, rediyo na kan taga yana zuba shi kaɗai. Shirin siyasa ake yi, irin wanda jam'iyya ke sayen fili ta saki sojan bakinta ya wanke na wancan ɓangaren tas. A ranar, Sammani Reza ne a ciki, na 'yan adawa, wanda ya fi kowa iya zagin Shugaban Ƙasa ba tare da ya yi ashar ba. Ya ce 'yan bindiga sun auka wa wani sansanin soja a daji, ya ce sunayen waɗanda aka kashe sun shigo wayarsa yanzu-yanzu, ya yi salati da murya mai rawa, ya fara karantowa. Suna na shida shi ne Umair Salihu, Ƙofar Durbi. Ƙanen Baraka ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya.

Babu sojan da ya zo gidan, babu takarda, babu gawa. Wayar Umair dai ta yi kwana tara a kashe, iyakar hujjar ke nan. Amma a garin nan, duk abin da aka sa wa "Inna lillahi" a gaba aka faɗa a rediyo ya zauna. Kafin mai kurkura ya sauke Baraka a ƙofar gidansu an riga an shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya, maza sun fara jeruwa. A ciki kuwa tsofaffin unguwa sun gama da Rahama, matar Umair, wadda ko shekara ba ta cika a ɗakinta ba. Sun tsefe mata kai, sun cire mata 'yan kunne da awarwaro, sun kwashe turare da kwalli daga gaban madubi, sun zaunar da ita a kusurwa cikin wani zurmemen hijabi. Takaba ta fara ke nan, wata huɗu da kwana goma. Yarinyar ba ta yi kururuwa ba, ta dai ƙura wa bango ido ta daina magana.

Mahaifinsu, Malam Salihu, tsohon hedimasta ne, kuma tun kafin wannan rana babu abin da ya tsana a duniya kamar Shugaban Ƙasa. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "mutumin can". In masara ta tashi, mutumin can ne. In taki ya gagari manomi, in mai ya gagari mai babur, in likitoci sun tafi yajin aiki, mutumin can ne. Maganar yaƙi kuwa ita ta fi ci masa rai: a tura 'ya'yan talakawa daji da tsofaffin bindigogi, sannan a dawo a zauna sulhu da waɗanda suka kashe su, a ɗauki hoto ana murmushi. Baraka ba ta taɓa cewa ƙarya yake yi ba. Ita ma tana zuwa kasuwa, ta san yadda kwanon masara ya koma. Abin da ya gundure ta shi ne, a wurin Baba ko ruwan sama ne ya makara, akwai hannun mutumin can a ciki.

Don haka zaman makokin ya koma aji. Duk wanda ya durƙusa ya ce, "Malam, ya haƙuri?" sai ya samu darasi kyauta a kan jiragen yaƙin da aka ce an sayo ba wanda ya taɓa jin ƙararsu, da manyan da 'ya'yansu ke karatu a Turai, da ƙauyukan da suka watse suka cika garin da masu kwana a kangaye. 'Yan adawa su gyaɗa kai. 'Yan jam'iyyar gwamnati su shafa fatiha da sauri su nemi takalmansu.

Amma ciwon na gaske ne, wannan Baraka za ta iya rantsuwa a kai, domin ita ce mai kai masa abinci. Kwana biyar kwanon tuwo na zuwa zaure yana dawowa yadda ya tafi, miya ta daskare a kai. Ta taɓa shiga ba sallama ta same shi ya kifa fuska a kan tsohuwar hular Umair ta makaranta, kafaɗunsa na rawa. Ta fita a hankali, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba bayan magariba ta je ɗauko kwanon ta same shi fayau. An cinye, an suɗe, har gefen miyar an bi da yatsa. Ta kai shi cikin gida, mahaifiyarsu, Inna Fatsuma, ta karɓa ta juya shi a hannu. Idanun Inna sun kumbura har da ƙyar take buɗe su, kuma ita kanta ba abin da ya shiga cikinta tun Juma'a sai kunu.

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Malam ya fara dangana. Kullum sai na roƙi Allah ya sassauta mishi, kin gani ya amsa."

Washegari ta hana kowa taɓa tukunya. Da kanta ta tuƙa masa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka, ta buɗe 'yar kwalbar man shanun da take ɓoyo ta zuba masa cokali biyu. Tana tuƙi tana share hawaye da gefen zane. Wannan kwanon ma ya dawo fayau.

A ranar ce kuma Baba ya aika aka kira wanzami ya gyara masa gemu. Da la'asar Sammani Reza ya iso, ɗan gajeren mutum cikin babbar rigar da ta fi ƙarfinsa, turarensa ya riga shi shiga zaure. Baraka ta kai musu ruwa, ta gaida shi don dole, ta koma bayan ƙyaure ta tsaya. Ba ɗabi'arta ba ce laɓe, amma wani abu ya riƙe ƙafarta.

Sammani ya warware wani ƙaton ƙyalle a kan tabarma. Ta tsagar ƙyaure ta ga hoton Umair cikin kaki, wanda suka ɗauka da Rahama gab da biki. An yanke Rahama daga hoton, amma an bar hannunta a kan kafaɗarsa, da lallenta da komai. A ƙasa an rubuta da jan fenti: SHAHIDINMU. WA YA KASHE SHI?

"Malam, taron da za mu yi jibi Asabar, filin Ƙofar Guga ba zai ɗauke mu ba," in ji Sammani. "Ni in na yi magana, cewa suke an biya ni. Kai kuwa uba ne. In ka hau ka ce ɗana aka kashe, mutumin can ko shina ƙarƙashin gado sai ya ji. Ka fara da yaƙin, ka gangaro kan mai, ka rufe da masara. In hawaye ya zo kar ka hana shi."

"Na rubuta," in ji Baba. "Shafi huɗu."

"Madalla. To, Allah ya jiƙan shahidi, ya sa Aljanna makoma."

Baba bai ce amin ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya sa mu cika da imani." Sammani ya yi wata 'yar dariya ta hanci, yana naɗe ƙyallensa.

Baraka ta koma tsakar gida. Mata na shirin jiƙa shinkafar wainar sadakar bakwai, sai ga saƙo daga zaure: Malam ya ce a dakata da sadaka sai bayan taron Asabar. Matan suka dubi juna. Malam Salihu ne fa, mutumin da ko maƙwabci ne ya rasu shi ke tuna wa iyalan ranar bakwai da ta arba'in. Inna ta ce a bi abin da ya ce, ƙila yana so a haɗa da baƙin da za su zo. Baraka ta jera abubuwan a ranta, kwano, wanzami, amin ɗin da ba a faɗa ba, sadakar da aka ɗaga, kuma duk inda ta juya su wuri ɗaya suke nunawa. Murna ta taso mata, amma kafin ta kai ko'ina ɗacin abin ya tare ta.

Juma'a da safe ta same shi a zaure shi kaɗai, a kan buzunsa, da tabarau a hanci. Jawabin yake bita, takardu huɗu da jan biro irin wanda ya yi shekara talatin yana gyara aikin yara da shi. Yana karantawa yana ɗaga yatsa a wuraren da zai ɗaga murya. Ta durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Baraka. Kin tashi lafiya? Ya Innarku? Ya mai gidan naki da yaran?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

Ta jira ya mai da ido kan takarda, sannan ta ce, "Baba, Umair na da rai?"

Yatsan da ke sama ya sauko a hankali. Ya cire tabarau, ya dubi ƙofar waje, ya dubi ta cikin gida.

"Wa ya faɗa maki?"

"Kwanon tuwonka."

Ya ajiye tabarau a gefe. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, kamar mai bayani ga ɗalibin da yake so. Ranar Laraba da la'asar wata baƙuwar lamba ta kira shi. Umair ne, daga wani asibitin soja, da wayar wata ma'aikaciyar jinya. An harbe shi a cinya, ya kwana biyu a cikin rami kafin a tsince shi, wayarsa ta ɓata, kuma duk duniya lambar Baba kaɗai ya haddace, domin ita ce ba ta taɓa canzawa ba. Bai ma san an karanta sunansa a rediyo ba. Ya ce a gaida Inna, a ba Rahama lambar ta kira shi.

"Na yi sujada nan inda kike," in ji Baba. "Wallahi na yi. Na tashi zan shiga ciki, sai na ce bari in fara sanar da Sammani ya gyara sanarwa."

"Sammani ka fara gaya wa. Kafin Inna."

"Ki saurara. Ya ce Malam, in wanga labari ya fita kafin Asabar, mun mutu. Sojojin bakin gwamnati za su hau rediyo su ce kun gani, wanda suka kashe da baki ga shi nan da rai. Su ce duk sunayen ƙarya ne, harin ma ƙarya ne, yunwar ma ƙarya ce. Kuma gaskiya ya faɗa, Baraka, haka za su yi muna. Sauran yaran da ke cikin sunayen nan fa? Su ba 'ya'yan wasu ba ne? Su sun mutu da gaske. Wa zai yi magana dominsu? Mutumin can ya tura su daji da harsashin da bai kai a ƙirga ba, shina can shina yanka ƙyalle wajen buɗe gada. Kwana ukku kawai na roƙa. Lahadi da safe in shiga in faɗa masu da bakina, a yi walima."

Abin da ya fi tayar wa Baraka da zuciya shi ne, rabin maganar gaskiya ce. Yaran sun mutu, yunwar tana nan, kuma na gwamnatin za su yi daidai abin da ya faɗa, don su ma ba kunya ce ta ishe su ba. Ta dubi mahaifinta, gemu a gyare, kumatu sun fara dawowa, ta ji ƙyama irin wadda ba ta taɓa zaton za ta ji game da shi ba. Ƙyamar Sammani daban, wannan sana'arsa ce. Ƙyamar mutumin can ma daban, shi bai san akwai wata Rahama a duniya ba. Baba kuwa ya sani. Ta gaban ƙofar ɗakinta yake wucewa sau biyar a rana zuwa alwala.

"Baba, Rahama takaba take yi. Mijinta na da rai."

"Kwana ukku ba su kashe kowa."

"Inna ba ta ci abinci ba tun Juma'ar da ta wuce."

"Ke za ki koya mani tausayin Innarku?" Muryarsa ta koma ta hedimasta. "Zamna da kyau ki ji. Shekara nawa ina magana ba mai saurare na? Tsohon malamin makaranta, wa ya damu da shi? Gobe mutum dubu za su yi tsit su ji mi zan ce. Ba don kaina ba, don ƙasar nan. Ke ɗiyata ce, na hore ki, ki kama bakinki zuwa Lahadi."

Ya ajiye takardun a kan buzu don ya nuna ta da yatsa, shafin farko ya kife. A bayansa, can ƙasa, ga lamba goma sha ɗaya da jan biro, an ja mata layi biyu. Baba bai taɓa yarda da ajiyar waya ba, komai sai ya rubuta. Ranar Laraba takardar da ke hannunsa ke nan.

Baraka ta san abin da zai biyo baya. Shekararta talatin da shida ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, kuma ta san kalmar da uba ke da ita wadda ke bin mutum har kabari. Tana durƙushe ta miƙa hannu biyu, yadda ake karɓar abu daga babba, ta ɗauki takardar.

"Baraka. In kin fita da takardar nan, ban yafe maki ba."

Ta miƙe tsaye da takardar a hannu.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba," ta ce, ta shige ciki.

Rahama na nan inda aka ajiye ta, a kusurwa, carbi a hannu ba ta ja. Ɗakin na warin rufi da kunun da ya kwana. Baraka ta zauna kusa da ita, ta danna lambar a wayarta, ta buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Wata mata ta ɗauka, ta ce a jira. Aka ji takun takalmi, da ƙarar ƙofa, da wani yana tari.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Carbin ya faɗi daga hannun Rahama. Ta dubi wayar, ta dubi Baraka.

"Umair, Yaya Baraka ce. Ga Rahama."

"Yaya. Kai, alhamdu lillahi. Rahama, kina ji na? Fushi kike da ni? Tun Laraba nake jiran kiranki. Matar nan har ta gaji da ni, duk ƙarar da wayarta ta yi sai in ce tawa ce. Ai na ce ma Baba ya ba ki lambar."

Rahama ta rungume wayar da hannu biyu ta kifa kai a kanta. Kukan da ba ta yi ba kwana bakwai ya ɓalle, har hijabin ya zame ya bar kanta a tsefe.

Inna na bakin ƙofa da ludayi a hannu, ba wanda ya ga zuwanta. Ta saki ludayin, ta dafa bango, ta sulale ta yi sujada a nan kan dandamali. Da ta ɗago ta rarrafo ta karɓi wayar, ta ce, "Auta, kai ne?" sau uku, shi kuma sau uku yana cewa shi ne. Ta tambayi ƙafar, ta tambayi ko ana ba shi abinci, ta sa masa albarka har muryarta ta dushe. Mata suka cika ƙofar ɗakin, wasu na kuka, wata tsohuwa ta lalubo 'yan kunnen Rahama daga cikin kwalla tana ƙoƙarin sa mata.

Da aka kashe wayar, Inna ta zauna a bakin gado. Baraka ta ga leɓunanta na motsi, ta ga babban yatsanta na bin sauran yatsun. Sannan idonta ya sauka kan takardar da ke cinyar Baraka, rubutun da ta sani shekara arba'in.

"Laraba ya ce?"

"Laraba, Inna."

"Da la'asar?"

Baraka ta sunkuyar da kai. Daga waje ana jiyo sallamar wasu baƙi da suka makara da ta'aziyya, labari bai kai zaure ba tukuna. Wani ya ce, "Malam, ya haƙuri?" Muryar Baba ta amsa, "Haƙuri da godiya."

Inna ta saurara har ya gama. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Na ɗauka roƙona ne Allah ya amsa," ta ce. "Har man shanu na ƙara mishi."

Ta tashi ta ratsa matan ta nufi murhu, inda tukunyar abincin ranarsa ke tafasa. Ta janye itacen ɗaya bayan ɗaya tana tsoma su cikin bokitin ruwa.